Gide Mai Hutar da Famfo

Gide taubashina ne, ɗan kawuna, don haka duk abin da zan faɗa a kansa da izinina tun ran suna. Yana da rai na sha faɗa masa a gaban mutane, shi ma ya rama son ransa. Yanzu da ƙasa ta rufe masa ido, Allah ya jiƙansa, sai in faɗa wa takarda, ita ba ta ramuwa.

A Tudun Kalgo aka haife mu, wani ɗan ƙauye tsakanin 'Yankara da Sheme wanda direbobi ba su san da zamansa ba sai in taya ta fashe musu a saitinsa. Gide gajere ne mai faɗin ƙirji, da kunnuwa irin waɗanda ke riga mai su shiga zaure. Bai yi boko ba. Allon ma bai wuce izu biyu ba malam ya ce ya je ya taimaki ubansa a gona, hakan zai fi wa kowa sauƙi. Amma a sha'anin dabba, daga Faskari har Ƙanƙara ban ga na biyunsa ba.

Shanun huɗa biyu gare shi, Alƙali da Muhuti, wai don ba a ganin ɗaya babu ɗaya. Da sassafe yake ɗaura musu garma, hantsi na ɗagawa ya kwance su ya kai su gindin tsamiya, ya ba su ruwa da dusa, ya zauna yana kore musu ƙuda da reshen darbejiya. Ko saura kunya uku gonarka ta ƙare, in rana ta take, to sai la'asar. Na taɓa ce masa matarsa Barakatu ba ta samu rabin wannan gata ba, ya ce ai Barakatu ba ta jan garma. Ita kuwa tana jin mu daga madafa, ta ce in tambaye shi wa ke jan gidan.

Shekarar babban fari, ruwa ya yi latti, kowa na gaggawar huɗa, shi kuma Gide zazzaɓi ya kayar da shi. Maƙwabcinsa Hadi ya ari shanun. Bai kwance su ba har azahar. Muhuti ya durƙusa a tsakiyar kunya, da ƙyar aka samu aka sa masa wuƙa. Alƙali kuma yunwar shekarar ce ta kai shi kasuwa. Gide bai yi faɗa da Hadi ba, bai ma daina gaishe shi ba. Abin da ya yi kawai, ya ɗaukar wa kansa alkawari cewa duk abin da aka ba shi amana ba zai ƙara aikin tsakar rana ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Bayan fari sai ga kuɗin man fetur. Mu dai a bakin mutane muka fi ganinsu. Samarinmu suka watsu Kaduna da Ikko leburanci, suna dawowa da rediyo mai kaset da wando mai faɗin ƙafa, wanda zai share miki tsakar gida kyauta in mai shi ya shigo gaisuwa. An zo an jibge turakun lantarki a bakin titi, aka ce wata uku wuta ta iso. Turakun suka zauna nan har awaki suka mai da su wurin hira, ƙadangaru suka yi jikoki a ƙarƙashinsu. Gide ma ya je Kaduna gadi. Wata biyar ya yi ya dawo, ya ce gidan da yake gadi babu ko akuya, shi ba zai iya zama yana tsaron mota ba.

Mu mata ba wuta ce ta dame mu ba, ruwa ne. Rijiya ɗaya gare mu, gaba ashirin da biyu. In bazara ta kama, tafin hannun kowace mace a garin kamar bayan kunkuru saboda igiyar guga. Barakatu ta fi kowa shan wahala, domin daddawa take yi, kuma wanda bai taɓa wankin kalwa ba bai san ruwa na da tsada ba. Tulu goma ba ya isarta. Wuyanta har ya karkace gefe guda, ina ce mata ta yi kama da mai sauraren gulma ta katanga.

A bazarar 1981, lokacin muna ƙarƙashin Kaduna, wata Landiroba ta shigo garin da mutum uku da akwatuna. Shugabansu wani ɗan siriri ne mai tabarau, Malam Sanusi, daga Zariya. Ya zauna a zauren mai gari, Baba Audi, ya yi wa manyan gari bayani. Wai gwaji suke yi na famfo wanda ba ya shan fetur ba ya shan gas, hasken rana ne ke tafiyar da shi, domin ƙauyukan da waya ba za ta kai gare su nan kusa ba. Ya ce kaɗan suka samu, ƙauyukan da ke nema kuma da yawa. Za su kafa mana ɗaya, su sa masa agogo mai ƙirga ruwa, bayan kwana arba'in su dawo. In agogo ya nuna ruwa ya fito yadda ake so, famfo ya zama namu. In bai nuna ba, rijiyarmu ce ba ta da ƙarfi, sai su kwance shi su kai wani ƙauye wajen Sabuwa da ya riga ya rubuto takarda.

Kwana uku suka yi suna aiki. Suka zura inji cikin rijiya, suka ɗora tanki a kan ƙarfe, suka jera wasu faranti huɗu baƙaƙe masu sheƙi a kan ƙafafu, fuskarsu na kallon sama. Yau kowane yaro ya san sola, har a kan rumfar mai shayi akwai ta. Mu a lokacin madubi muka kira su. Da aka zo zaɓen mai kula da su, babu wanda ya yi gardama. Kowa ya san in ka ba Gide ajiyar kaza, da ƙwai zai maido maka ita. Malam Sanusi ya ce masa ya tsare su daga awaki da jifa, ya riƙa goge su da tsumma mai laushi. Suka loda kayansu da hantsi suka tafi, ruwa na zuba a tanki, mata na guɗa.

Gide ya kewaye wurin da ƙaya. Ya goge madubin nan har sai da na gyara ɗankwalina a ciki. Da rana ta take, injin ya ƙara ƙarfi, yana wani gurnani daga cikin rijiya, bututun na rawa. Gide ya ɗora tafin hannu a kan madubi ɗaya, ya janye da sauri. Barakatu ta ce min a nan ta ga fuskarsa ta koma irin ta ranar da aka yanka Muhuti. Ya shiga gida ya kwaso tabarmin da take shanya daddawa, guda uku, ya rasa ta huɗu ya aiko gidana.

To, kada in yi ta yi masa dariya ni kaɗai ina wanke kaina. Na ba da tabarmata, da hannuna, har ina cewa Allah ya ba shi lada.

Ya lulluɓe madubi huɗun nan. Nan take gurnanin ya tsaya, ruwa ya ɗauke. Gide ya waiwayo ya dube mu da fuskar wanda ya ci shari'a.

"Kun gani ko? A gajiye yake. Ana ba shi inuwa ya kwanta."

Babu wanda ya ja da shi. Ai mun ji da kunnenmu cewa rana ce ke tafiyar da shi, amma sa ma ciyawa ke tafiyar da shi, ba a kuwa barinsa ya ci har ya fashe. Kowa ya taɓa madubin ya ji zafi. Wa ke barin kayan gwamnati mai tsada a ranar bazara ya narke, a zo a ce mun yi sakaci? Baba Audi da kansa ya zo ya duba, ya ce wannan shi ne riƙon amana. Liman ya ce tausayi ko ga ƙarfe ba ya faɗuwa ƙasa banza. Haka tsarin ya zauna: da safe famfo ya yi aiki, hantsi na ɗagawa a rufe shi, la'asar sakaliya a buɗe.

Ruwan da muke samu kuwa, kamar ana tatsar tsohuwar akuya. Da safe ya tsiyayo siriri, ya fara kauri ke nan Gide ya taho da tabarmi a kafaɗa. Da yamma ya ɗan ɗiga, rana ta faɗi. Tankin bai taɓa kai rabi ba. Ga shi an rufe bakin rijiya da murfi saboda injin, sai ɗan gefe aka bar mana na guga ɗaya. Layi ya fi na da, faɗa ya fi na da. Muka ce iyakar ƙarfin abin ke nan, kayan zamani duk haka suke, kyan ido. Gide na ganin ruwa ya yi kaɗan sai ya ce zafi ne ke ratsa tabarmin, ya ƙara matso da lokacin rufewa. Yana kuma zuwa ya tsuguna gaban agogon nan mai ƙirga, ba ya iya karanta lambar, amma yana ganin ba ta sauri. Ya rame. In na tsokane shi ba ya ramawa, abin da ya fi tayar min da hankali ke nan.

Saura kwana biyu arba'in ta cika, ranar kasuwar 'Yankara, ya yanke shawarar tabarmin nan sun tsufa, zana mai kauri zai sayo ya yi wa madubin rumfa sosai kafin baƙi su zo. Ya fita da sassafe a kan aron keke, ya bar wa Barakatu saƙo ta rufe su da hantsi.

Barakatu kuwa ta kirɓa daddawa, wata guda tana shanya a kan faifai da tsofaffin buhuna, kaji na yi mata ɓarna. Ta dubi tabarminta uku a jingine, ta dubi daddawarta, ta ce a ranta ƙarfe ya yi haƙuri yau ɗaya, ba zai mutu ba. Ta shimfiɗa su a tsakar gida ta jera kayanta. Ni ma da na gani na ɗauke tawa, don na daɗe ina kewarta.

Kafin azahar muka ji hayaniya wajen rijiya. Tanki ya cika yana ambaliya, ruwa na gangarowa ta ƙafafun ƙarfen har ya yi hanya zuwa gindin tsamiya, agwagin gidan liman na wanka a ciki. Duk macen da ke da tulu ta cika, ta koma ta ɗauko tukunya, ta koma ta ɗauko ƙwarya. Barakatu ba ta ɗebi ko ɗigo ba. Ta tsaya da karkataccen wuyanta tana duban madubin, sai ta cire mayafinta ta yafa wa ɗaya. Ruwa ya rage. Ta janye, ya dawo. Ta yi haka sau uku, sannan ta ce da ni ita shekara ashirin tana shanya, ta san abin da ke son rana in ta gan shi, wannan ɗan'uwan daddawa ne, ba ɗan'uwan sa ba.

Gide ya dawo da la'asar da zana biyu a bayan keke, ya tarar da laka a inda bai taɓa ganin laka da bazara ba. Da ya ji ba a rufe ba, sai da ya zagaya madubin yana shafa su ɗaya bayan ɗaya yana neman inda suka tsage. Barakatu ta yi masa bayani a hankali, a cikin gida, ba a gaban mutane ba. Ni ce ban iya yin shiru ba. Na ce masa kwana talatin da takwas ya yi yana sa baƙonmu azumin dole, yana kuma tambaya me ya sa ba ya ƙiba.

Bai yarda ba sai washegari. Ya tsaya da kansa a tsakar rana, tabarma a hannu, yana jiran abin ya durƙusa. Bai durƙusa ba. Tanki ya sake cika.

Da yamma manyan gari suka taru a zauren Baba Audi. Mu mata ba a kiranmu, amma katangar zauren nan ta kara ce, kuma ni kunnena bai taɓa ciwo ba. Baba Audi ya ce abin da ya wuce ya wuce, a ɓoye tabarmi, kada wanda ya ɗaga maganar gaban baƙi. In labarin ya fita, ba mai ƙara shiga kasuwar 'Yankara daga garin nan sai an nuna shi da baki, 'ya'yanmu mata ma sai an riƙa yi musu gori a gidan miji. Ya ce baƙi za su zo su ga ruwa na zuba, shi ke nan. Kowa ya ce haka ne. Gide dai kansa na ƙasa.

Landiroba ta iso da safe. Malam Sanusi ya gaisa, ya tsuguna gaban agogo, ya rubuta lamba a littafinsa, ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa. Ya ce ruwan da ya fito bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da ake tsammani ba. Baba Audi ya nuna masa bututu, ga ruwa na zuba. Malam Sanusi ya ce ya gani, amma rijiya mai ƙaramin ido haka take, ta ba da na awa ɗaya ta ƙafe, sai ta kwana ta tara. Ya ce ba laifin kowa ba ne, bai ma taɓa ganin madubin da aka kula da su kamar waɗannan ba. Sannan ya ce wa mutanensa su ɗauko sufana su kwance famfo.

Ina tsaye kusa da Barakatu. Tafin hannunta ta buɗe tana dubawa. Gide ya gani. Ya juya ya nufi gida, muka ce kunya ce ta kore shi. Sai ga shi ya dawo da tabarmi uku a kafaɗa, da ragowar daddawa manne a jikinsu, ya tsaya gabana ya miƙo hannu.

"Ma'u, kawo taki."

Na ce masa ya dubi mai gari tukuna. Ya ce ya duba. Na je na ɗauko.

Ya zube su gaban Malam Sanusi, ya ce, "Ranka ya daɗe, rijiyarmu ba ta da laifi. Ni ne. Kullum hantsi ya ɗaga nakan rufe su da waɗannan, sai la'asar in buɗe."

Malam Sanusi ya dubi tabarmi, ya dubi Gide, ya tambaye shi dalili.

"Na taɓa rasa sa a tsakar rana," in ji Gide. "Ban so in rasa wannan."

Baba Audi ya shiga gyaran rawanin da bai kwance ba. Wani daga cikin mutanen Landiroba ya fara dariya, Malam Sanusi ya dube shi ya haɗiye ta. Ya ce a ajiye sufana. Ya nemi a shimfiɗa masa ɗaya daga tabarmin a gindin tsamiya, ya ce yau nan zai wuni. Aka kwashe ruwan tanki ƙaf, ya rubuta lamba. Ya zauna cikin warin daddawa yana duban agogon hannunsa, Barakatu ta dama masa fura. Kafin a kira azahar tanki ya yi ambaliya. Ya sa aka sake kwashewa, ya sake cika kafin la'asar, rijiya ko gezau.

Da zai tafi ya ce ya ƙara mana kwana arba'in, kuma Gide ne zai ci gaba da kula da shi. Ya ce shi ma yana da nasa kason na laifi, domin ya yi wata shida yana koyon yadda ake haɗa wayoyin nan, bai taɓa tambayar yadda manomi ke hutar da sa ba. Arba'in ta biyu agogo ya wuce abin da suke nema. Famfo ya zauna.

Abin da Baba Audi ya ji tsoro kuwa ya faru, ba zan ɓoye ba. Shekara guda ba mu da sakat a kasuwa. Ka je sayen gishiri a tambaye ka ko famfonku ya tashi daga barci. Gide ya samu sabon suna, Mai Hutar da Famfo, har jikokinsa da shi ake kwatanta su. Amma masu yi mana dariyar da igiya suke komawa gida, mu kuwa da kan famfo.

Bayan damina Malam Sanusi ya dawo ya ɗauki Gide a Landiroba. Ashe sun samu ƙarin famfo, kuma a wani ƙauye wajen Ƙanƙara ya tarar an yi wa madubi rumfar ciyawa har da dogarai, a wani kuma mata na shanya kuɓewa a kai don awaki ba sa kaiwa. Duk inda za su kafa sabo, sai ya tara mutane a bakin rijiya, maza da mata, ba a zaure ba, ya ce Gide ya ba su labarin tabarminsa. Gide ya tsaya da kunnuwan nan nasa ya faɗa tun daga Muhuti. A yi dariya a ƙoshi, amma ba a ƙara rufe madubi a garin. Har ƙauyen nan na Sabuwa da ya so ya gaje mu ya je, lokacin da nasu ya iso.

Zana biyun da ya sayo a 'Yankara bai yi asararsu ba. Ya kafa su rumfa a gefen tanki, can inda inuwarta ba za ta taɓa madubi ba, domin mata masu jiran layi. Na ce masa shekara ashirin da aure, sai yau Barakatu ta kai matsayin Alƙali da Muhuti. Ya ce ni dai ba a kafa don ni ba, in koma rana. Wuyan Barakatu bai miƙe ba, amma hannunta ya yi laushi har ta fara sa lalle yana kamawa, daddawarta kuma har Sheme ake zuwa sari.

Shekara goma sha ɗaya famfon nan ya yi yana ba mu ruwa kafin injin ya gaji da gaske. A duk shekarun nan Gide bai ƙara ɗora masa ko ƙyalle ba. Sai dai in rana ta take, gurnani ya yi ƙarfi, za ka gan shi ya zo ya tsaya a bakin ƙayar, hannu a baya kamar wanda ke tsoron kada hannun ya yi abin da ba a sa shi ba. Ya ɗan jima yana kallon madubin nan huɗu suna ƙuna, ya ce musu sannu da aiki, sannan ya koma inuwa.